Abdullahi Ɗan Fodiyo: Ƙanen da Inuwar Wansa Ba Ta Rufe Shi Ba

A wannan mako filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe zai tsaya ne a kan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda aka fi sani da Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu. Abin da ya sa muka ɗauko tarihinsa shi ne wata damuwa da ke cikin gidajenmu da yawa, wadda ba a cika kawo ta wurin addu'a ba. A gida ɗaya za a tarar da yaro mai ƙwazo wanda kowa ke yabo, a bayansa kuma ga wani ko wata da ba a ma kiransa da sunansa, sai dai a ce ƙanen wane ko ƙanwar wance. Irin wannan yaro yana girma yana ganin kamar shi cikon benci ne a gidan ubansa, kuma idan ya kai shekarun samartaka sai abin ya zama ciwo.

Wataƙila wani zai tambaya, me ya haɗa shafin ikilisiya da malamin Musulunci? Gaskiya ne bangaskiyarmu da tasa ba ɗaya ba ce. Gaskiya ne kuma yaƙe-yaƙen zamaninsa sun jawo yunwa da bauta, har wahalar ta taɓa kakannin da yawa daga cikinmu, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Amma Manzo Bulus ya gargaɗi Filibiyawa su riƙa tunani a kan duk abin da yake na gaskiya da na kirki, a duk inda ya fito. A tarihin ƙasar Hausa kuwa da wuya a sami ƙanen da ya tashi a ƙarƙashin inuwa mai faɗi irin wadda Abdullahi ya tashi a ciki. Wani muhimmin sashe na labarin kuma a ƙasar Zamfara ya faru, a yankin da yanzu ya ƙunshi Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Tasowarsa a Degel

An haifi Abdullahi wajen shekarar 1766, wato Shehu Usmanu, wanda aka haifa a 1754, ya ba shi kimanin shekara 12. Mahaifinsu Muhammadu Fodiyo malami ne, kuma a Degel ta ƙasar Gobir suka tashi. Abdullahi ya fara karatu a gaban mahaifinsa. Da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi ga wansa don ya ci gaba da karantar da shi. A lokacin Shehu ya riga ya fara wa'azi, sunansa kuma ya fara zagawa cikin Gobir da Kabi.

Mu dubi matsayin wannan yaro da kyau. Wansa ne malaminsa, wansa ne kuma mutumin da baƙi ke tahowa daga nesa don su gani. Duk abin da Abdullahi zai koya, Shehu ya riga shi saninsa. Duk inda aka sauka, Shehu ake yi wa maraba, shi kuwa yana cikin almajirai masu riƙe da gafaka. Matashin da yayansa ke zuwa na ɗaya a aji kowace shekara, ko matashiyar da yayarta ke ja gaban ƙungiyar mawaƙa, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

Abdullahi bai tsaya ga malami ɗaya ba. Ya yi karatu wurin malamai da dama, har da Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda ya karantar da Shehu kansa. A cikin wannan neman ilimi ne ya gano inda zuciyarsa ta fi karkata, wato harshen Larabci da nahawunsa da tsara waƙa a cikinsa. Shehu mai wa'azi ne wanda ke tsayawa gaban talakawa ya yi musu magana da Fulatanci da Hausa har zukatansu su motsa. Abdullahi kuwa mutum ne na alƙalami da tawada da bin diddigin kalma. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ranar da aka kira sunansa a Zamfara

Wajen 1786 Shehu ya shiga ƙasar Zamfara yawon wa'azi, ya yi kimanin shekara 5 a cikinta, har ya zauna a Faru ta wajen Maradun. Abdullahi yana tare da shi, yana ɗan shekara 20. A wannan tafiya wani malami mai suna Mustafa Gwani ya tare su da wata waƙa ta Larabci, yana yi wa Shehu maraba, yana kuma sukarsa a kan barin mata su halarci wa'azi tare da maza. Waƙar malami sai waƙa ke amsa ta, mutuncin jama'ar Shehu kuma ya rataya a kan wannan amsa.

Shehu yana iya amsawa da kansa. Amma sai ya juya ga ƙanensa, ya nuna shi ne ya fi cancanta ya mayar da martani. Abdullahi ya tsara amsa a kan ma'aunin waƙar malamin, ya kafa hujja cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni a kan abin da ake sukarsu da shi. Shekaru da yawa bayan haka, da ya zo tara waƙoƙinsa, wannan amsa na cikin waɗanda ya sa a gaba, alamar bai taɓa mantawa da ranar ba.

A ganinmu nan ne ginshiƙin labarin duka. Babban wa ya ga wata baiwa a jikin ƙanensa, ya faɗe ta a gaban mutane, ya kuma ba shi aiki na gaske wanda idan ya kasa za a ji kunya. Tun daga lokacin Abdullahi ya zama alƙalamin jama'ar, yana rubuta waƙoƙi da wasiƙu zuwa ga malamai. Ko da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami wajen 1788, inda Shehu ya ƙi karɓar kyautar zinariya ya roƙi a saki fursunoni a kuma sassauta wa talakawa haraji, sunan Shehu ne ya ƙara ɗaukaka. Amma a lokacin Abdullahi ya riga ya san abin da yake nasa.

Shekarun yaƙi

A watan Fabrairu na 1804 jama'ar Shehu ta yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Da aka zo yi wa Shehu mubaya'a, Abdullahi ne ya fara miƙa hannu. A watan Yuni na shekarar shi ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a kan Sarkin Gobir Yunfa a Tafkin Kwatto. Bayan mummunar asarar da suka yi a Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, sai jama'ar ta gangaro Sabon Gari a ƙasar Zamfara cikin 1805, domin sarakunan Mafara da na Burmi ta wajen Bakura suna cikin masu goyon bayanta a lokacin. Daga can ne Abdullahi ya fita da rundunar da ta ci Birnin Kabi a watan Afrilu na 1805. Zaman Zamfara bai ƙare da daɗi ba, gama yunwa ta sa mayaƙa suka riƙa ƙwace abincin mutanen ƙauyuka, har Zamfarawan da suka karɓe su suka juya musu baya.

Irin wannan hali ya dami Abdullahi ƙwarai. Wajen 1807 ya ga zukatan mayaƙa da yawa sun koma ga neman mulki da dukiya da bayi, sai ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya yi musu tafsiri, ya kuma rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda masu mulki za su yi adalci, sa'an nan ya komo. Wannan ya nuna mana Abdullahi ba ɗan amshin shata ba ne. Yana ƙaunar wansa, yana girmama shi, amma yana da nasa ra'ayi, har a wasu mas'aloli na shari'a sun saɓa da juna a rubuce ba tare da zumunci ya yanke ba.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, a shekarar 1812 Shehu ya raba tafiyar da mulki biyu. Ya ba Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Abdullahi ya zauna a Boɗinga.

Ƙofar da aka rufe

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu na 1817. Abdullahi ya wuce shekara 50 a lokacin, ya kuma shafe kusan shekara 40 yana bin wansa. Shi ne waziri, shi ne babban malamin da ya rage. Masu tarihi sun ba da labari cewa da ya taso daga Boɗinga ya iso Sakkwato sai ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Bello ɗan wansa ne, an haife shi a 1781, kuma Abdullahi na cikin malaman da suka karantar da shi. Wato inuwar wa ta wuce, sai ga inuwar ɗan wa ta maye gurbinta.

Abin ya yi masa zafi, ba mu da dalilin cewa bai yi ba. Ya juya ya tafi Gwandu, aka kuma yi 'yan shekaru tsakaninsa da Bello ba armashi. Amma bai tara runduna don ƙwato kujerar ba, ko da yake ya san yaƙi, yana kuma da mabiya. Daga baya mutanen Kalambaina, wani gari kusa da Gwandu, suka yi masa tawaye har suka fi ƙarfinsa, sai Bello ya taho da runduna ya taimake shi. An ce da suka haɗu bayan yaƙin, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don ya gai da baffansa kamar yadda al'ada ta tanada, sai Abdullahi ya hana shi, shi ya fara gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Daga nan aka shirya.

Sauran kwanakinsa ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan wansa Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu har ya rasu a Gwandu wajen 1829. Ya bar littattafai masu yawa. Akwai Tazyinul Waraƙati na 1813, inda ya tara waƙoƙinsa da tarihin zamaninsa, wanda Mervyn Hiskett ya fassara zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1963. Akwai babban tafsirinsa Liya'ut Ta'awili, wanda aka buga a Alƙahira a 1961. Akwai kuma littattafan nahawu da ya tsara cikin waƙa, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai. Zuriyarsa ce ke sarautar Gwandu. Jami'ar da ke Sakkwato sunan Shehu Usmanu take ɗauke da shi, babban ɗakin karatun da ke cikinta kuwa sunan Abdullahi aka sa masa. Ba mu ga rabon da ya fi wannan dacewa da halin mutanen biyu ba.

Me ya riƙe shi ranar da aka rufe masa ƙofa? Da a ce duk darajarsa ta rataya ne a kan zama kusa da Shehu, ko a kan gadon kujerarsa, da ranar nan ta karya shi. Amma tun yana ɗan shekara 20 yake da wani abu nasa na kansa, wanda rufe ƙofar gari ba ya iya ƙwacewa.

Abin da Maganar Allah ta nuna mana

Littafi Mai Tsarki ya san wannan ciwo tun daga Farawa. Ishaku ya fi son Isuwa, Rifkatu ta fi son Yakubu, gidan ya tsage har Yakubu ya yi shekara 20 a gudun hijira. Shi Yakubu bai koyi darasi ba, ya ɗinka wa Yusufu riga ta musamman, 'yan'uwansa suka ƙi jininsa har suka sayar da shi. A dukan gidajen nan biyu, daga wurin iyaye wutar ta tashi.

Amma akwai wani misali dabam, shi ne Andarawus. Bisharar Yohanna ta nuna shi ne ya fara bin Yesu, shi ne kuma ya je ya kawo ɗan'uwansa Siman. Duk da haka Siman ne aka sa wa suna Bitrus, shi ya yi wa'azin ranar Fentikos. Sa'ad da Ubangiji ya shiga gidan Yayirus, da sa'ad da ya hau dutsen da kamanninsa ya sake, da kuma a Jatsaimani, Bitrus da Yakubu da Yohanna ya ɗauka, ba Andarawus a ciki. Ko marubutan Bishara sau da yawa da sunan ɗan'uwansa suke gabatar da shi. Amma ba mu karanta ko sau ɗaya ya yi gunaguni ba. Abin da muke gani shi ne yana ta yin aikin da ya iya, wato kawo mutane wurin Yesu. Shi ya lura da yaron nan mai gurasa 5 da kifi 2 a cikin taron dubbai. Shi da Filibus suka kai roƙon Helenawan da ke son ganin Yesu. Ba don Andarawus ba, da ikilisiya ba ta san Bitrus ba.

A nan muna da abin da ya fi tarihi ƙarfi. Mun gaskata kowane yaro an halicce shi cikin kamannin Allah, Kristi kuma ya mutu domin na ƙarshe a aji daidai da yadda ya mutu domin na ɗaya. A 1 Korantiyawa sura 12 Bulus ya kwatanta ikilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa, ya nuna ƙafa ba ta da dalilin raina kanta don ita ba hannu ba ce, gaɓoɓin da ake gani kamar raunana kuwa ba a iya yi sai da su. A Galatiyawa sura 6 ya ce kowa ya auna aikin kansa, kada ya riƙa gwada kansa da na kusa da shi.

Gare ku iyaye

Na farko, mu daina auna yaro da ɗan'uwansa. Ranar da aka kawo sakamakon jarrabawa gida ita ce ranar da aka fi yin wannan ɓarna. A gwada sakamakon yaro na bana da nasa na bara. Idan ya tashi daga na 30 zuwa na 20, ya yi ƙoƙari, a faɗa masa, ko da yayansa na ɗaya ya zo. Iyaye da yawa suna zaton gori yana zaburar da yaro. Abin da ya fi faruwa shi ne yaron ya ga tun da ba zai taɓa kamo yayansa ba, gara ya daina gudu.

Na biyu, mu nemi baiwar kowane yaro, mu kira ta da sunanta. Cewa yaro yana da kirki bai isa ba. A faɗa masa ainihin abin da aka gani, ko hannunsa na gyaran keke da rediyo ne, ko haƙurinta da ƙananan yara, ko iya lissafin kuɗi a kasuwa, ko yadda dabbobi ke ƙiba a hannunsa. Kada kuma mu mai da boko shi kaɗai ne ma'auni.

Na uku, mu ba shi aiki na gaske, kamar yadda aka ba Abdullahi. A damƙa masa kadada guda a gona, ko kiwon akuya, ko riƙe kuɗin cefane na mako, a bar shi ya yi ba tare da yayansa na tsaye a kansa ba. Yabon baki yana gushewa, amma aikin da yaro ya gama da hannunsa yana zama masa shaida. Mu tuna kuma, matashin da bai sami wurin tsayawa a gida ba zai nema a waje, 'yan shaye-shaye da miyagun abokai kuwa ba sa tambayarsa na nawa ya zo a aji.

Gare ku yayye da shugabannin ikilisiya

Kai da Allah ya ba haske a cikin gida, kana da iko a kan zuciyar ƙanenka fiye da yadda kake zato. Kalma ɗaya ta yabo daga bakinka a gaban mutane ta fi goma daga bakin baƙo. Wani lokaci ka ja da baya da gangan, ka ce wannan aikin shi ya fi ka iyawa, idan gaskiya ne. Ba abin da zai ragu a jikinka.

Fastoci da dattawa da malaman makarantar Lahadi da shugabannin zumuntar matasa, mu duba yadda muke rabon hidima. Idan kullum yara biyu ko uku ne ke karanta nassi, su ne ke jan waƙa, su ne ke wasan Kirsimeti, to, akwai Andarawus da yawa a bencin baya waɗanda ba mu gani ba. Mu koyi sunayensu, mu daina kiransu da sunan yayyensu. Zumuntar mata kuma tana da babban aiki a nan, gama uwa ce ke fara ganin yaron da ya yi shiru.

Gare ku matasa

Idan kai ne ke cikin inuwa, zafin da kake ji ba zunubi ba ne, ka kai shi gaban Ubangiji cikin addu'a, ka kuma faɗa wa wani babba da ka amince da shi. Abin da za ka tsare kanka daga gare shi shi ne kishi, wanda ya kai Kayinu ga kisa. Ɗan'uwa rabin jiki ne, nasararsa ba asararka ba ce. Kada ka ɓata shekarunka kana ƙoƙarin zama shi, domin Allah ya riga ya yi shi, ba ya bukatar na biyu. Ka nemi abin da aka sa a hannunka, ka daure a kansa shekara da shekaru kamar yadda Abdullahi ya daure a kan alƙalaminsa. Mai yiwuwa wata rana a rufe maka ƙofar da kake ganin taka ce. Idan ka san wanda ya halicce ka, ka kuma san aikin da ya ba ka, za ka iya wucewa ba tare da ka yanke zumunci ba.

Ubangiji ya ba iyaye idon ganin kowane yaro da ya ba su amana, ya ba matasanmu zuciyar sanin darajarsu a cikin Kristi. Sai mako mai zuwa idan Ubangiji ya bar mu da rai. Amin.